N-Bomb: ƙwayar da ta yi shekara uku doka ba ta san sunanta ba



Kafin in shigo ɗakin nan sai da na tsaya a baranda ina maimaita wani suna kamar almajiri mai tilawa, don kada harshe ya ba ni kunya a gabanku. Sunan shi ne 25I-NBOMe. Lamba biyu, harufa shida, sai ka ce lambar mota. Abokin aikina mai kula da na'ura da ya ji ni, tambayata ya yi ko wani sabon jirgin yaƙi ne aka ƙero. Na ce masa a'a, ƙwaya ce, ko da yake bai yi nisa da gaskiya ba, domin masu shanta a Turai da Amurka sun gaji da dogon sunan, suka yanke shi suka ce N-Bomb, wato dai bam.

Na san da yawanku yau kuka fara jin sunan nan, kuma ba laifinku ba ne. Ko a ƙasashen da ta yi ɓarna, sai da ta fara kashe yara kafin 'yan majalisa su iya furta shi. Dalilin da ya sa na ɗauko ta ke nan. Wanda ya bi labarin wannan ƙwaya daga inda aka haife ta zuwa ranar da aka haramta ta, zai ga yadda dokar miyagun ƙwayoyi take aiki a duniya, zai kuma ga inda take ɗingishi.

Bari mu fara da siffarta, don na ce ƙwaya amma ba irin wadda kuka saba gani a kwalin kemis ba ce. Ku ɗauki takarda mai ɗan kauri, irin mai shan ruwa, an buga mata zane mai launi: rana, ko fure, ko fuskar wani ɗan zanen yara. An huda ta layi-layi kamar yadda ake huda kan sarki a gidan waya, yadda za a riƙa ɓallewa gutsure-gutsure. Kowane gutsure bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. An jiƙa takardar da ruwan sinadari an shanya. Shi ke nan. Ba wari, ba nauyi. Ɗari biyar za su shiga ambulan ɗaya a tura ta gidan waya, ma'aikacin kwastan ya juya ta a hannunsa ya ɗauka katin gaisuwa ne.

Wannan siffa ba tata ba ce, aro ta yi. Mai siffar ta asali ita ce LSD, uwar ƙwayoyin da ke sa gane-gane, waɗanda ke hargitsa wa mutum gani da ji da lissafin lokaci, ya ga bango yana numfashi, launi yana kwarara kamar ruwa. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Siwizalan, Albert Hofmann, shi ya haɗa LSD a kamfanin Sandoz da ke birnin Basel a 1938, bai kuma san abin da take yi wa ƙwaƙwalwa ba sai a watan Afrilun 1943, da ta taɓa shi. Ta yi tashe a wajen matasan Amurka a shekarun 1960, aka haramta ta, sannan a 1971 ƙasashen duniya suka taru a Biyana suka ƙulla yarjejeniya kan sinadaran da ke juya hankali, suka sa ta a rukuni na ɗaya, mafi tsauri. Tun daga nan duk wanda aka kama da ita ya san inda zai kwana.

Kada wani ya ji ni ya ce ina wanke LSD. Tana iya jefa mutum cikin firgicin da zai sa ya faɗo daga bene ko ya afka gaban mota, tana kuma iya tayar da taɓin hankalin da yake kwance. Sai dai akwai abu ɗaya da likitoci suka daɗe da sani: da wuya ƙwarai a ce gubar LSD ita kanta ta tsayar da zuciyar mutum. Masu sha sun san haka, kuma da wannan sanin suke ɗaga ɗan gutsuren takarda su ɗora a harshe. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ita N-Bomb, kakanta wani Ba'amurke ne mai suna Alexander Shulgin. Mutum ne mai ban mamaki, masanin sinadarai da ya yi aiki a babban kamfani, ya bari, ya koma wani ɗan ɗaki a bayan gidansa a Lafayette ta jihar Kalifoniya, yana haɗa sababbin sinadarai yana gwada su a jikinsa da na abokansa, yana rubuta abin da ya ji. A 1991 shi da matarsa Ann suka fitar da littafi mai suna PiHKAL, wanda ya ƙunshi bayanin sinadarai 179. Bayan shekara uku hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, DEA, ta kai masa samame, aka ci shi tarar dala 25,000, lasisinsa na bincike ya tafi. A cikin 'ya'yan da ya haifa a wancan ɗaki akwai wata da ake kira 2C-I.

A 2003, a Jami'ar Freie ta birnin Berlin, wani ɗalibin digiri na uku mai suna Ralf Heim ya ɗauki wannan 2C-I ya liƙa mata wani ɗan jela na sinadari. Ba maye yake nema ba. A ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wasu 'yan wurare masu kama da kwaɗo, kowanne da irin mabuɗin da ke buɗe shi. Ɗaya daga cikinsu, wanda masana ke kira 5-HT2A, mabuɗinsa na halitta shi ne sinadarin sirotonin da jiki ke yi da kansa, kuma shi ne kwaɗon da LSD take taɓawa. Masu bincike suna son mabuɗin da zai shiga wannan kwaɗo daidai wa daida, don su fahimci aikinsa. Jelar da Heim ya liƙa ta ba su abin da suke so har ya yi yawa: sabon sinadarin ya kama kwaɗon da ƙarfin da ya ninka na uwarsa sau da yawa. Daga baya ɗakin binciken Farfesa David Nichols a Jami'ar Purdue ta Amurka ya zurfafa nazari a kansa, aka wallafa sakamako a mujallun kimiyya kamar yadda aka saba, kowa na iya karantawa.

Kowa kuwa ya karanta, har da waɗanda ba don su aka rubuta ba. Shi kansa Nichols ya yi rubutu a mujallar Nature a farkon 2011, yana bayyana yadda abin ke ci masa rai, cewa akwai mutanen da ke bin diddigin takardunsa suna kwafar sinadaran da bai taɓa gwadawa a jikin mutum ba, suna sayar wa jama'a. Ya riga ya ga yadda wani sinadarin da ya yi bincike a kansa, MTA, ya kashe mutane a Turai.

Wajen 2010 N-Bomb ta bayyana a kasuwar intanet. Ku sa kanku a matsayin dillali na minti ɗaya, Allah ya tsare. LSD wuyar haɗawa gare ta, kayan haɗinta a tsare suke, kuma ɗauri ne a kanta. Ga wani garin da ake yi a masana'antun Asiya, da araha, ana aiko maka shi har ƙofar gida, giram ɗaya ya isa a jiƙa gutsure sama da dubu. Yana hawa takarda kamar yadda LSD ke hawa. Yana sa gane-gane. Uwa-uba, ka duba littafin doka daga bango zuwa bango babu sunansa. Me zai hana ka? Sai aka riƙa jiƙa takarda da shi, wani ya sayar da sunansa, da yawa kuwa su ce wa mai saye LSD ce.

A nan ne maganar da na ce ku riƙe take dawowa. Yaro ya sayi gutsure biyu yana ganin abin da ya sani ne, alhali ba shi ba ne. Ita N-Bomb ba ta da sassaucin da LSD ke da shi. Tsakanin abin da zai bugar da mutum da abin da zai kashe shi, tazarar siririya ce ƙwarai, kuma awon da ake magana a kai na ɗaya bisa miliyan na giram ne, abin da ido ba ya gani, balle hannun mai jiƙa takarda a kicin ya daidaita shi. A takarda ɗaya ma wani gefen kan fi wani jiƙa.

Likitocin sashen gaggawa da suka karɓi irin waɗannan yara sun rubuta abin da suka gani, kuma kusan bakinsu ɗaya. Ana kawo matashi yana fizge-fizge, ƙarti huɗu ba sa iya riƙe shi. Ƙwayar idonsa ta buɗe. Zuciya na gudu, jini ya hau, jiki ya ɗauki zafi kamar garwashi. Jijiyoyin jini sun tsuke, yatsu sun yi sanyi. Sai jijjiga irin ta farfaɗiya, ta tafi ta dawo. Naman jiki ya fara narkewa cikin jini, dattinsa ya toshe ƙoda. Likita ya tambayi abokansa me ya sha, su ce LSD, don iyakar abin da suka sani ke nan. A yi gwajin fitsari irin wanda asibiti ya saba yi, ya fito fes, don ba a ƙera gwajin ya gane wannan baƙuwa ba. Ba ta da makari. Abin da likita zai iya shi ne ya ba da allurar kwantar da jijjiga, ya sanyaya jiki, ya ɗaura ruwa, ya jira ikon Allah. Alamar da masu sha suka gano da kansu ita ce ɗanɗano: LSD ba ta da ɗanɗano, ita kuwa wannan ɗaci gare ta kamar ka lashi ƙarfe, kuma tana kashe harshe. Amma kafin ka ji ɗacin ai ta riga ta shiga baki.

A watan Yunin 2012, a yankin Grand Forks da ke iyakar jihohin Dakota ta Arewa da Minnesota, samari biyu suka mutu cikin mako guda, ɗaya ɗan shekara 18, ɗaya 17. Masu bincike suka bi sawun garin har birnin Houston na Texas, wajen wani ɗan kamfani da ke shigo da sinadarai daga waje yana sayarwa ta intanet. Mutane fiye da goma aka ɗaure, shugabansu ya sami shekara 20.

Mai sauraro zai ce, to, ba ka ce doka ba ta san sunanta ba? Da me aka ɗaure su? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce zuciyar sharhin nan.

Asalin dokar ƙwayoyi a kusan ko'ina jerin sunaye ce. Ana rubuta sinadari da sunansa na kimiyya, a ce wannan haramun ne. Abin da ba ya cikin jerin, ba laifi ba ne, domin ƙa'ida ce ta shari'a cewa ba a hukunta mutum kan abin da doka ba ta riga ta hana ba. Ƙa'ida ce mai kyau, ita ke hana mai mulki ya wayi gari ya ƙirƙiro maka laifi. Amma masanin sinadarai ya ga ƙofa a cikinta. Ku dubi sunan da na sha wuyar furtawa. Harafin I da ke bayan 25 yana nufin aidin, ɗan'uwan wanda ake shafa wa ciwo. A cire aidin a sa sinadarin bromin, suna ya koma 25B. A sa kulorin, ya koma 25C. A idon doka abubuwa uku ne daban, kowanne sai an yi masa nasa zaman majalisa. A wajen zuciya da ƙodar wanda ya sha, duk kanwar ja ce. An dai canza wa tuwo suna.

Amurka ta hango wannan tun 1986, ta yi wata doka ta 'yan kama. Dokar ta ce duk sinadarin da ya yi kama sosai da haramtacce, a gininsa da kuma aikinsa a jiki, za a ɗauke shi haramtacce, muddin an nufi mutum ya sha. Da ita aka ɗaure mutanen Houston. Sai dai ku lura da sharaɗin ƙarshe, muddin an nufi mutum ya sha. Daga wannan sharaɗi ne aka sami wata ƙarya da ta zagaye duniya. Kowace leda sai a manna mata takarda: ba don amfanin ɗan Adam ba, na bincike ne kawai. Wasu su rubuta takin fure, wasu gishirin wanka. Mai sayarwa ya san ƙarya ce, mai saye ya sani, ɗan sanda ya sani, amma a kotu sai an tabbatar. Ga kuma rigimar kama. Kama sosai ɗin nan, wa zai auna ta? Mai gabatar da ƙara ya kawo farfesansa ya rantse sun yi kama, lauyan wanda ake tuhuma ya kawo nasa farfesan ya rantse ba su yi ba, a bar talakawa goma sha biyu masu taya alƙali yanke hukunci suna kallon zanen sinadarai kamar an ba makaho madubi. A 2015 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar McFadden, ta ƙara wa masu ƙara nauyi: dole su nuna wanda ake tuhuma ya san irin abin da yake sayarwa.

Saboda haka aka koma ga tsohuwar hanya, kiran suna. Birtaniya ta sa wa dangin NBOMe haramcin wucin gadi a watan Yunin 2013, bayan shekara guda ta mayar da su rukunin A, tare da hodar ibilis da heroin. A ranar 15 ga Nuwamban 2013 DEA ta yi amfani da ikonta na gaggawa ta haramta ukun nan, 25I da 25B da 25C, tana mai cewa daga Maris na 2012 zuwa Agustan 2013 an danganta su da mutuwar aƙalla mutum 19, 'yan shekara 15 zuwa 29. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014. A watan Maris na 2015 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, a zamanta na Biyana, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa su a rukuni na ɗaya na yarjejeniyar 1971, gefen LSD ɗin da suke kwaikwayo. Wannan mataki ya hau kan duk ƙasar da ta sa hannu a yarjejeniyar, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru. A watan Oktoban shekarar, Sin ta haramta sababbin sinadarai 116 a tashi ɗaya, kuma wannan ya fi taɓa kasuwar, don ya doki masana'anta ne, ba ɗan talla ba.

Ku lissafa da ni. Ta shiga kasuwa a 2010. Manyan ƙasashe suka kira sunanta a 2013. Duniya ta kira shi a 2015. A tsakanin nan, mai hatsarin tana halas a takarda, wadda ba ta kai ta kisa ba tana haram. Ban ce haramta LSD kuskure ne ba. Abin da nake cewa shi ne haramcin da ya tsaya a kan suna ya buɗe wa 'yar kama kasuwa, kuma yara da yawa sun ɗauka abin da hukuma ba ta hana ba, hukuma ta duba shi ne ta ga ba komai. Alhali ba wanda ya duba. Shirun doka ba shaidar likita ba ce.

To, an haramta, sai aka huta? Ina! Kan a jima sai ga 'yar ƙanwarta, 25I-NBOH, an ɗan taɓa jelar nan kaɗan. A Brazil 'yan sanda suka fara ganinta a takardun da suke kamawa jim kaɗan bayan an hana NBOMe, sai da aka sake zama aka hana ta ita ma. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka, UNODC, yana da rajistar irin waɗannan sababbin sinadarai, kuma sunayen da ke ciki sun haura dubu ɗaya. Wace majalisa ce za ta yi zama dubu?

Sai ƙasashe suka ce bari a daina kamun kifi da ƙugiya, a jefa taru. Jamus ta yi doka a ƙarshen 2016 mai haramta dangi guda a dunƙule: a zana ginin sinadarin, a lissafa irin sauye-sauyen da za a iya yi masa, a ce duk an hana. Masu haɗi suka zauna da dokar kamar ɗalibi da takardar jarrabawa, suna neman abin da ba a lissafa ba. Ita LSD ɗin kanta suka riƙa yi wa kwalliya. Aka fito da 1P-LSD, aka hana a 2019. Aka fito da 1cP-LSD, aka hana a 2021. Aka fito da 1V-LSD, aka tashi hana ta a 2022, sai aka yi kuskuren alamar rubutu a cikin dokar, lauyoyi suka ce ai haramcin bai hau ba, sai da aka sake gyara. Aka fito da 1D-LSD, aka hana a 2024. A tsakanin kowane haramci da na gaba, a fili ake sayarwa, har da shago a Berlin mai ƙofa a buɗe da rasit. Jamusawa fa, waɗanda ake yi wa kirari da tsari.

Ireland a 2010, sannan Birtaniya a 2016, suka jefa tarun da ya fi kowanne faɗi. Dokar Birtaniya, wadda ta fara aiki ranar 26 ga Mayun 2016, cewa ta yi duk abin da ke taɓa ƙwaƙwalwa ya sauya tunani ko yanayin mutum, haramun ne a yi shi ko a sayar, ɗauri har shekara bakwai, sai abin da aka toge. Aka toge giya da taba da sinadarin kafin da abinci da magungunan asibiti. Wato da ba don wannan togiya ba, da Bahaushen Landan mai sayar da goro ya shiga uku. Ba wasa nake ba: har shugabannin coci sai da suka nemi a fayyace musu matsayin turaren wutar da suke ƙonawa, minista ya rubuta musu cewa su kwantar da hankalinsu. Dokar ta yi aiki ta wani gefen, shagunan da ke sayar da kayan a bakin titi sun daina ko sun rufe. Amma bitar da ma'aikatar cikin gidan ƙasar ta yi da kanta a 2018 ta nuna cinikin ya koma hannun dillalan lungu, kuma tabar roba mai suna Spice ta ci gaba da cin marasa gida da fursunoni. Tsugune ba ta ƙare ba.

New Zealand ce kaɗai ta gwada juya abin. A 2013 ta ce, kai mai sayarwa, kawo hujjar cewa kayanka ba su da hatsari sosai, mu ba ka lasisi. Ba a yi shekara ba jama'a suka tayar da ƙura, aka janye izinin wucin gadin da aka bayar, aka kuma hana amfani da gwajin dabbobi wajen kawo hujjar, dokar ta zama gida ba ƙofa.

Yanzu bari in juyo gida kaɗan, don na san wani yana can yana cewa, malam, wannan ai ciwon Turawa ne. Gaskiya ne N-Bomb ba ita ke cin unguwanninmu ba. Namu sanannu ne: kodin, tiramol, sholisho, da 'yan'uwansu. Amma wasan ɗaya ne. A watan Mayun 2018 Najeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC. A shekarar ce kuma Indiya ta tsaurara dokar fitar da tiramol, wanda har yau ba ya cikin jerin yarjejeniyoyin duniya. Me ya biyo baya? Sai ga wasu ƙwayoyi a kasuwannin Afirka ta Yamma, kwalinsu kamar na tiramol, cikinsu kuwa haɗin tapentadol ne da carisoprodol, haɗin da ba a amince da shi a matsayin magani ba. Sai a farkon 2025, bayan wani binciken BBC ɗin, Indiya ta hana shi. A Saliyo, wata tabar maye mai suna kush ta yi ɓarnar da ta sa Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a watan Afrilun 2024, ana ta jita-jitar abin da ke cikinta, har da masu cewa ƙashin matattu. Da aka kai samfur ɗakin gwaji, abin da aka tarar shi ne tabar roba da wasu sinadarai masu suna nitazin, dangin heroin da suka fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Sholisho kuwa, wace doka za ta hana mai faci sayen abin aikinsa?

Idan aka tambaye ni inda ya kamata kuɗi ya tafi, zan ce a ɗakin gwaji kafin a ƙara wa doka shafi. Duk labarin nan da na ba ku, a wuri ɗaya ake yin asara: tsakanin ranar da sabon abu ya shigo gari da ranar da wani ya iya cewa ga abin da ke ciki. A wannan tsakanin ne likita ke yi wa yaro maganin abin da bai sha ba, mai gabatar da ƙara ya kai fari ko baƙin gari kotu ba shi da sunan da zai kira shi, uwa kuma ta binne ɗanta a ce mata aljanu ne. Holan tun 1992 take da tsarin da mutum zai kai ƙwaya a gwada masa ba tare da an kama shi ba, kuma da an ga mai kisa sai a yi shela a ƙasa baki ɗaya. Yankin Wales na Birtaniya ya buɗe irin nasa a 2013. Na san wannan zai yi wa da yawanmu nauyi a kunne, za a ce ana ɗaure wa ɓarna gindi, kuma ban ce mu kwafo shi yadda yake ba. Amma ko ba a karɓi ƙwaya daga hannun mai sha ba, abin da hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta NDLEA da kwastan suka kama, da jinin wanda aka kawo asibiti a sume, ai ana iya gwada su da wuri, a kuma sanar da likitocin Kano da Maraɗi da Garwa abin da aka gani a makon, ba sai an jira rahoton shekara ba.

Ita kuwa N-Bomb, kasuwarta ta ja baya tun bayan haramcin 2015, ko da yake takan ɓullo jefi-jefi a takardun da ake sayarwa da sunan LSD. Shulgin ya rasu a 2014 yana da shekara 88. A birnin Kwapanhagan na Denmark kuma, masu binciken ƙwaƙwalwa sun ɗauki 'yar'uwarta 25B, suka sa mata alamar da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ke iya gani, suka raɗa mata suna Cimbi-36. Sukan yi wa mai sa kai allurar ɗan mitsitsin da bai isa ya bugar da shi ba, su kwantar da shi a cikin na'ura, su ga inda kwaɗon nan na sirotonin yake a ƙwaƙwalwar mai rai, aikin da tun farko dominsa aka ƙera irin waɗannan mabuɗai a Berlin.